Gudun Baba a Sakan na Goma

Jama'a ku yi mini afuwa, kwana tara ban leƙo ba. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta rubuto wai ko Tabarau ya gudu ne nake jin kunyar faɗa. Bai gudu ba, 'yar'uwa. Da guduwar ya yi ma da na fi samun bakin magana.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: ni ce autar gidanmu, ina ajin farko a jami'a, injiniyanci nake karanta. Babanmu direban doguwar motar fasinja ne, shekara ashirin da shida a kamfani ɗaya, ko kaza bai taɓa bugewa ba. Abokan aikinsa Sannu-Sannu suke ce masa, shi kuma sunan daɗi yake yi masa. Tabarau shi ne mai nemana da aure, a ofishin kamfanin su Baba yake aiki, sashen na'urar da ke bin sawun motoci. Sati uku da suka wuce, da hantsi, motar Baba ta ƙwace a kwanar da ke ƙasan wani gangare ta kife. Mutum sha ɗaya suka ji rauni, Baba ya karye a ƙugu, wata malamar makaranta mai 'ya'ya biyu ta rasu.

Ranar Alhamis kwamitin kamfani zai zauna. In suka samu gudu ne ya jawo, za su karɓe lasisinsa su miƙa shi hannun hukuma. Wanda kuma zai rubuta gudun motar a cikin rahoton, shi ne Tabarau.

Ranar Litinin na dawo daga lakca wajen ƙarfe uku, doguwar rigata mai ruwan toka duk ta manne mini a baya saboda zufa. Tun da aka sallamo Baba falonmu ya tashi daga falo. An jingine doguwar kujera a bango, an shigo da gadon ƙarfe, teburin talabijin ya koma wajen ajiye magani da auduga. Warin man zafi har a labule. Na tarar da tsofaffin direbobi biyu sun zo dubiya, Baba na kwance da farar singileti, agogonsa na ƙarfe a hannu kamar mai shirin fita.

"Ga injiniyar gidan nan ta dawo, ku tambaye ta," in ji Baba. "Ƙarfe takwas daidai na bar tasha. Ƙarfe goma abin ya faru. Daga tasha zuwa kwanar nan kilomita ɗari da ashirin ne, ko a mafarki na san wannan. Auta, ɗari da ashirin a raba biyu?"

"Sittin, Baba."

"Sittin! To ina gudun yake?"

Direbobin suka gyaɗa kai, ɗaya ya ce wallahi ko jaki ya fi haka sauri, aka yi 'yar dariya. Allurar da ke nuna gudu a motar Baba ta fi shekara huɗu da mutuwa, bai taɓa damuwa a gyara ba. Da agogo yake auna kansa. Ya san minti nawa ne daga gada zuwa gidan mai, minti nawa daga gidan mai zuwa mararraba, in ya riga lokaci sai ya sassauta ƙafa. A kan cinyarsa na koyi rabawa, da nisan garuruwa da awannin tafiya, tun ban shiga makaranta ba.

Ina shiga kicin Yaya ya biyo ni ya turo ƙofa. Yayanmu ke nan babba, mai gyaran firji, mutumin da in ya yi magana sai ka ɗauka faɗa yake ko gaisuwa ce. Mama na tsaye gaban abin wanke-wanke, ta ba mu baya, tana cuɗa kofi ɗaya da ya daɗe da fita.

"Kin yi magana da mutumin naki?"

"Yaya, aikinsa ne fa. Ba ya so ina sa baki."

"Aikin banza! Lamba ɗaya ce zai rubuta. Sittin. Ai ba ƙarya ba ce, ke da kanki kika faɗa yanzu a gaban mutane."

"Ba irin wannan gudun suke nema ba."

"Gudu kala nawa ne? Ke boko ya fara taɓa miki kai? Kullum yana nan ƙofar gida da gogaggen takalmi, ina yini Baba, ina gajiya Baba. To ga ranar Baba ta zo. In son gaskiya yake miki yau za mu gani."

Na dubi Mama ko za ta raba mu kamar yadda ta saba. Ba ta juyo ba.

"Ki roƙe shi, Auta," ta ce a hankali. "In durƙusawa ce ki durƙusa. Ki ce ni na aiko ki."

Mama fa, wadda ko canjin da mai kanti ya yi mantuwa ya ƙara mata sai ta sa mayafi ta mayar. Na ji tsoro ƙwarai da na ji maganar nan daga bakinta, amma na ɗauka son miji ne kawai.

Na shiga ɗaki na cire mayafi na zauna a bakin katifa. Sau huɗu ina rubuta saƙo ina gogewa.

Ni: Kana ofis?

Tabarau: Ina nan. Ya jikin Baba?

Ni: Da sauƙi. Ka gama rahoton?

Tabarau: Saura layi ɗaya.

Ni: Wanne?

Tabarau: Kin san wanne.

Ni: Mama ce ta aiko ni.

Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Ku da kuka taɓa zama kuna kallon ɗigon nan uku kun san yadda abin yake.

Tabarau: Gobe bayan lakcarki ta ƙarfe goma ki same ni a bencin bayan laburare. Ki zo da biro.

Biro! Ina maganar rayuwar ubana yana maganar biro. Na jefar da wayar a kan filo na yi kuka mai isata.

A bencin nan muka fara haɗuwa, shi ya sa ma abin ya ƙara yi mini ciwo. Ya gama jami'ar shekara uku da suka wuce, amma ranar Asabar yakan dawo ya taimaka wa 'yan ajin farko da darasin lissafin kalkulas, kyauta. Ni kuwa gwajin farko biyu cikin goma na ci. An ba mu lissafin inda mota take a kowane sakan, aka ce mu nemo gudunta a sakan na biyar. Na ɗauki nisan da ta yi na raba da biyar, na ja layi biyu a ƙarƙashi, na fito ina taƙama na riga kowa.

Ranar ya dubi takardata ya gyara gilashinsa ya ce, "Wa ya koya miki wannan? Direba?"

Na ce, "Ubana ne, sai me?"

Ya yi ta ba ni haƙuri har da dafa ƙirji. Sannan ya ce amsata ba ƙarya ba ce, amsar wata tambaya ce daban. Ni na faɗi yadda tafiyar ta kasance gaba ɗayanta, su kuwa suna tambayar nawa motar ke gudu a wannan ƙiftawar idon. Na ce a ƙiftawar ido ai ba a zuwa ko'ina, me za a raba da me? Ya ce shi ya sa ba a tsayar da lokaci, matse shi ake yi. Ka auna sakan ɗaya, ka auna ɗaya bisa goma na sakan, ka auna ɗaya bisa ɗari, ka ga lambar da amsoshin ke tunkara. Wannan lambar ita ce gudun. A ranar na fahimci kalkulas, kuma a ranar, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, na fara sonsa.

Talata na sa baƙar doguwar riga da mayafi ruwan ƙasa, ko hoda ban shafa ba. Na same shi ya riga ni, da farar shat mai dogon hannu wadda ba a goge ba. Tabarau da riga ba guga, nan na san shi ma bai samu kansa ba.

"Ka rubuta sittin," na ce tun ban zauna ba. "Don Allah. Ba ƙarya ba ce."

"Zauna, Auta."

"Shekararsa sittin da ɗaya. In suka kai shi gidan yari ba zai fito da rai ba, ka san haka."

"Na sani."

"To me kake jira?"

Ya buɗe jakarsa ya ciro takarda ɗaya ya ajiye a tsakaninmu. Ya ce na'urar motar tana aiko da inda motar take kowane sakan. Daga tasha har saman gangaren babu abin da za a ce da Baba, tafiya ce irin tasa, har ya ma rage gudu da zai hau. Amma daga saman gangaren zuwa kwanar mita ɗari biyu ne, motar ta cinye su a sakan goma. Ya jera lambobin goman nan ya nemo lissafin da ya hau kansu daidai. Shi ne a takardar, da rubutunsa mai kama da na injin buga takardu:

s = t² + 10t

"s nisa ne daga saman gangaren, da mita. t sakan ne. A sakan na goma ta bar titi."

"Nawa ka samu?"

"Ba zan faɗa miki ba. In na faɗa, har ki mutu za ki riƙa ganin ni ne na ɗaure babanki. Kin iya, ni na koya miki. Ki yi da hannunki. In kin gama kika kira ni kika ce in rubuta sittin..."

Ya cire gilashin yana goge shi da gefen riga.

"Za ka rubuta?"

"Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Mijin matar nan jiya ya zo ofis da yaran biyu karɓar jakarta. Ƙaramar tana ta tambaya wace ce motar mamarta a cikin waɗanda ke fake."

Na ce, "Birki fa? Baba ya ce ya taka birki."

"Makanikai biyu sun duba. Lafiyarsa ƙalau."

Na ninke takardar na cusa a jaka na tashi, ko sallama ban yi masa ba. Na ji haushinsa kamar in mutu, kuma na san ba shi da laifi, wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Ƙarfe biyu na isa gida. Yaya ya tafi aiki, Mama na shanya a bayan gida, Baba na barcin rana. Na shiga ɗaki na kwashe kayan da ke kan teburin guga, don shi ne teburin karatuna, na baje takardar.

Akwai gajeriyar hanya da muka haddace a aji: t² ya zama 2t, 10t ya zama 10. Layi ɗaya ne an gama. Na ƙi binta. Na ce zan bi doguwar, ko Allah zai sa a wani wuri lissafin ya yi mini kara.

A sakan na goma motar tana mita ɗari biyu. A sakan na tara tana ɗari da saba'in da ɗaya. Wato a sakan na ƙarshe kaɗai ta yi mita ashirin da tara. Na matse. A ɗaya bisa goma na sakan ɗin ƙarshe, amsar ta ba ni 29.9. Na sake matsewa zuwa ɗaya bisa ɗari, 29.99. Na danna biron har ya huda takarda. Ina gani lambar tana tafiya wajen talatin, ba abin da zan yi in tare ta.

Mita talatin a sakan. Na ninka da uku da ɗigo shida don in mayar da shi harshen direbobi.

Ɗari da takwas.

Kilomita ɗari da takwas a awa, a kwanar da aka kafa allon hamsin. Sannu-Sannu. Na kifa kaina a kan teburin guga, ina jin warin ƙonannen zanen da ke shimfiɗe a kai, na ce Baba me ya kai ka.

Da na ɗago sai na rubuta gajeriyar hanyar a ƙasa, don in tabbatar: gudu = 2t + 10. Na sa goma, talatin ta fito. Har zan ninke takardar sai idona ya tsaya a kan layin. Na fara sa sauran lambobin ɗaya bayan ɗaya. A saman gangare goma. Sakan na ɗaya sha biyu. Na biyu sha huɗu. Sha shida, sha takwas, ashirin. Kowane sakan biyu take ƙaruwa, ba ta taɓa ƙaruwa da uku ba, ba ta taɓa raguwa da rabi ba, har ƙarshe.

Ni 'yar direba ce. Na zauna a kujerar gaba tun ƙafata ba ta kai ƙasa. Ko mahaukacin direba in ya hango kwana sai ƙafarsa ta motsa, ya ɗaga daga totur, ya ɗan lasa birki, ko da a makare ne. Wannan lissafin babu ƙafar mutum a cikinsa. Haka dutse ke gangarowa in an sake shi.

Na ɗauki takardar na fita falo.

Baba ya farka, Mama ta kawo masa shayi a kofinsa na tangaran mai tsaguwa a baki, ta koma. Ya tashi zaune da filo biyu a baya. Na ja kujerar roba na zauna kusa da kansa.

"Baba, ba ni labarin gangaren nan. Tun daga sama."

"Sau nawa zan faɗa? Na hau a giya ta uku, a hankali, don akwai wata tanka a gabana da ta ratse gidan mai. Na kai sama na hango gadar can ƙasa. Sai kawai ga kwana a gabana, na taka birki, motar ta ƙi."

"Tsakanin hango gadar da ganin kwanar fa?"

"Wane tsakani? Ai nan da nan ne."

"Mita ɗari biyu ne, Baba."

Ya yi dariya. "Ke da mitocinki. Ni da na bi hanyar nan sau dubu nawa, ke za ki gaya mini? Bari ki ji, tun kafin a haife ki, lokacin ko kwalta ba a zuba ba, mukan tsaya a saman nan mu sa dutse a..."

Ya tsaya.

Na jira ya ƙarasa. Idonsa a buɗe, yana kallon wajen kafaɗata, amma ba ni yake gani ba. Leɓensa na motsi kaɗan-kaɗan kamar mai tauna wani abu. Kofin ya karkace a hannunsa, shayin ya fara zuba a kan zanen gado, da zafinsa, a kan cinyarsa, ko gezau bai yi ba.

"Baba?"

Shiru.

"Baba!"

Ban san me ya sa idona ya sauka a kan agogonsa ba. Tsinken sakan yana tafiya abinsa. Na bi shi da ido, bakwai, takwas, tara. A sha biyu Baba ya ƙifta ido.

"...a ƙarƙashin taya, mu bar injin ya huce," ya ƙarasa, da murmushinsa, daga daidai inda ya tsaya. Sannan ya dubi cinyarsa ya yamutsa fuska. "Kai! Wa ya zubar mini da shayi?"

"Ni ce, Malam, na bige ka ban lura ba. Yi haƙuri."

Mama ce. Ban ji shigowarta ba. Tawul na kafaɗarta, ta karɓi kofin, ta goge masa cinya, ta janye jiƙaƙƙen zanen ta ninke, duk cikin abin da bai fi ƙiftawa uku ba. Ba ta firgita ba. Ba ta ce innalillahi ba. Hannunta ya san aikin nan, kamar yadda ya san ɗaurin ɗankwali.

"Kullum sai kin bige mutum, ke dai tsufa ya zo," in ji Baba yana tsokanarta.

"Ya zo kam," ta ce, ta fita da zanen.

Na bi ta kicin na rufe ƙofa. Ta jefa zanen a bokiti ta buɗe famfo da ƙarfi don kada a ji mu.

"Tun yaushe, Mama?"

Ta ci gaba da danna zanen cikin ruwa.

"Mama, tun yaushe?"

"Wata biyar."

"Ya sani?"

"Ta ina zai sani? Shi a wajensa ba abin da ya faru." "Farko na ce gajiya ce. Da ya yawaita na ce in na faɗa za su kai shi asibiti, likita ya rubuta, su karɓe motar. Kin san babanki, in aka raba shi da sitiyari an gama da shi. Saura wata tara ya ajiye aiki da mutuncinsa, a yi masa taro, a ba shi takarda. Na ce wata tara ne kawai, Allah zai rufa asiri. Ban taɓa gani ya yi a waje ba, sai a gida, yana zaune."

"Ai a mota ma zaune yake, Mama."

Ta toshe bakinta da tawul ɗin. Ruwa ya cika bokiti ya fara malala a siminti, ba wanda ya kashe famfon.

"Ranar haɗarin ma ya yi," ta ce cikin tawul. "Da safe, yana ɗaura igiyar takalmi. Na tsaya a kansa har ya dawo. Ya ce ina makullina. Auta, ni na ɗauko masa a kan firji. Ni na sa masa a hannu."

Ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa sun haɗu mini wuri ɗaya irin na lokacin ba. Na so in rungume ta, na so in tambaye ta ko ta san matar nan 'ya'yanta biyu. Ban yi ko ɗaya ba, na tsaya kawai ruwa na jiƙa mini gefen riga.

In aka rubuta ɗari da takwas aka yi shiru, Baba ya zama tsohon da ya yi ganganci da rayukan mutane, kuma zai tafi yana rantsuwa sharri aka yi masa. In aka faɗi dalili, Baba ya fita, amma zai san abin da matarsa ta shekara talatin da huɗu ta ɓoye masa, kuma mijin malamar nan zai san sunan wadda ta miƙa makulli. In kuma na ce a rubuta sittin, ƙugu zai warke, Baba zai koma kan sitiyari da mutum hamsin a bayansa.

Wayata ta fara ruri a aljihu. Na ciro. Tabarau.

Mama ta ga sunan. Sai kawai ta sulale ta durƙusa a cikin ruwan nan, uwata, a gabana, ta kama gefen rigata da hannu biyu.

"Ɗauka," ta ce. "Duk wanda kika ba su a cikinmu, na yafe miki."

Na danna na kai kunne.

"Auta," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Nawa kika samu?"